Fina-finan Jarumai Masu Ƙarfin Ban Mamaki: Raha Ta Fi Ko Tsanani?

Darasin ƙungiyar 'yan jarida na wannan mako ya shafi fina-finan da yawancinmu muke kallo a waya ko a gidan kallo, a nan Rano da Kibiya. Su ne fina-finan jarumai masu ƙarfin ban mamaki, irin su Superman da Batman da Krrish. Tambayarmu ita ce: wanne ya fi dacewa da su, raha ko tsanani?

Mene ne bambancin?

Fim mai raha shi ne wanda launukansa suke da haske, akwai barkwanci a ciki, kuma mai kallo ya san jarumi zai yi nasara. Fim mai tsanani kuwa yawanci cikin dare ake nuna shi. Jarumin yana cikin baƙin ciki, ana rasa rayuka, kuma ko ya yi nasara sai ya yi babbar asara.

Ɗan tarihi

Irin waɗannan jarumai a littattafan zane suka fara fitowa a Amurka. Superman ya fito a 1938, Batman kuma a 1939. Batman kaɗai ya isa misali, domin an gwada shi ta hanya biyu. A 1966 an yi shirinsa na talabijin cike da barkwanci. A 1989 Tim Burton ya yi fim ɗinsa mai duhu. A 1997 aka koma wasa a Batman & Robin, amma wasan ya yi yawa, masu kallo suka kushe shi, har aka shekara takwas ba a sake irinsa ba. A 2008 Christopher Nolan ya fitar da The Dark Knight mai tsanani sosai, ya kuma samu fiye da dala biliyan 1. A wannan shekarar ce dai kamfanin Marvel ya fitar da Iron Man, wanda jaruminsa mai yawan zolaya ne, shi ma ya karɓu. Ashe ke nan kowace hanya tana iya yin kyau, tana kuma iya lalacewa.

Hujjar kowane ɓangare

Masu son raha suna cewa mutum ya wuni yana karatu ko aikin gona, abin da yake bukata shi ne ya huta, ya yi dariya. Kuma irin wannan fim ana iya kallonsa da ƙanne. Masu son tsanani suna cewa idan komai wasa ne, ba za ka ji tsoron wani abu ya samu jarumi ba, don haka nasararsa ba ta da armashi.

Abin da tatsuniya ta koya mana

Kakanninmu sun daɗe da warware wannan gardama. A tatsuniya akwai Dodo mai ban tsoro, akwai kuma Gizo mai ban dariya. In aka cire Dodo, babu abin da za a guje wa. In aka cire Gizo, yara ba za su iya barci ba. A labarin Bayajidda ma, macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa shi ya sa jarumtakar ta yi ma'ana. Fim ɗin Black Panther na 2018 ya bi wannan hanya: sarki T'Challa yana jimamin rasuwar mahaifinsa, ƙanwarsa Shuri kuma tana tsokanarsa. Don haka a ganinmu fim mai kyau kamar miya yake, tana son gishiri, tana son yaji, kowanne daidai gwargwado.

Hattara

Kada mu ɗauka duk fim mai ban dariya na yara ne. Deadpool na 2016 cike yake da barkwanci, amma a Amurka an ba shi alamar R, wato wanda bai kai shekara 17 ba sai da babba zai shiga kallonsa. Joker na 2019 ma haka. Alamar PG-13 kuwa gargaɗi ce ga iyayen yaran da ba su kai 13 ba. A jiharmu akwai Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, amma wanda ya kai waya a tura masa fim ba kasafai yake ganin wata alama ba. Ƙannenmu kuma suna zaune kusa da mu suna leƙen wayar, har ma suna kwaikwayon tsalle da naushin da suka gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin gida

Kafin mu kunna fim, mu tambayi kanmu: na 'yan shekara nawa ne? Wa zai kalla tare da mu? Jarumin yana amfani da ƙarfinsa don ya kare mutane ne ko don ramuwa kawai? Sannan kowa ya zaɓi fim ɗaya da ya sani, ya rubuta layi biyar a kan ko raha ta fi yawa a ciki ko tsanani, ya miƙa wa sakataren ƙungiya kafin Juma'a. Za mu manna guda uku da suka fi kyau a wannan allo.