Darasin Wannan Wata: Masu Riƙon Ƙungiyar Kiwon Zuma

Darasinmu na wannan wata a kan mutanen da suke riƙe ƙungiyar masu kiwon zuma ne a ƙauye. Ba a biyan su albashi. Aikin sa kai suke yi. In sun tsaya da gaskiya ƙungiya ta rayu. In sun gaji, ko an zarge su, ƙungiya ta watse. A karanta a hankali, a kuma karanta wa wanda bai iya ba.

Me ya sa ake bukatar ƙungiya?

Kiwon zuma tsohuwar sana'a ce a ƙasar Bukkuyum da Anka da Gummi. Kakanninmu suna saƙa amya da ciyawa, su shafe ta da kashin shanu, su ɗora a kan ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya. Allah ya ba mu itatuwa masu fure. Gawo yana fure bayan ɗaukewar ruwa. Mangwaro da kaɗanya suna yi lokacin sanyi. Ɗorawa tana yi in zafi ya kunno kai. Da damina kuma ga furen wake da riɗi da auduga.

To amma mai kiwo shi kaɗai yana shan wahala. Ɓarawo ya sha masa zuma da dare. Gobarar daji ta cinye masa amya. Mai saye ya taya masa a wulakance. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya sa shiga daji mai nisa ya zama kasada a wurare da yawa. Dole a nemi wurin ajiye amya kusa da gari. Wannan kuwa sai da yardar maigari da maƙwabta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun da mun san gayya, mun san adashi, ƙungiya ba baƙon abu ba ce a wurinmu.

Mutum biyar da ayyukansu

Ko a Adabka kuke, ko Gwashi, ko Zugu, ko Nasarawar Burkullu, ƙungiyarku tana bukatar mutum biyar.

1. Shugaba. Shi ne mai kiran taro da raba gardama. Shi ne zai je wurin maigari neman wurin ajiye amya. Wurin ya zama mai inuwa, nesa da hanya da makaranta da turken dabbobi. Shi ne kuma zai yi magana da manoma a kan feshin magani. Ƙudan zuma yana tafiyar kilomita 3 neman fure. Saboda haka feshin mutum ɗaya yana iya kashe ƙudan gari duka. A roƙi manoma su yi feshi da yamma liƙis, bayan ƙuda ya koma gida, su kuma sanar kafin su yi. Manomi ma yana da riba, domin ƙuda yana kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, riɗi da auduga su ƙara 'ya'ya.

2. Magatakarda. Shi ne mai littafi. Kowace amya a sa mata lamba. A rubuta sunan mai ita, da ranar da aka ajiye ta, da ranar da ƙuda ya shiga, da yawan zuman da aka ɗiba. A nan ne ajin yaƙi da jahilci yake nuna amfaninsa. Wanda ya iya boko ko ajami zai iya wannan aiki.

3. Ma'aji. Shi ne mai ajiyar kuɗi. Kada ya karɓi ko naira ɗaya sai magatakarda ya rubuta. Kada ya fitar da ko naira ɗaya sai taro ya yarda. Kada mutum ɗaya ya haɗa littafi da kuɗi a hannunsa.

4. Mai koyarwa. Wannan shi ne wanda ya fi kowa sanin ƙuda. Sau da yawa dattijo ne. Shi zai nuna wa matasa yadda ake shafa kaki a cikin amya don jawo ƙuda. Zai nuna yadda ake ajiye ruwa a kasko da rani, a zuba tsakuwa a ciki don kada ƙuda ya nutse. Zai nuna yadda ake tsare amya daga tururuwa da gara.

5. Wakiliyar mata. Tace zuma, narka kaki, wanke kwalabe da sayarwa a gida, duk mata sun iya. A ba su kujera a wurin shawara, a kuma ba su rabonsu.

Abubuwa huɗu da jagorori za su tsaya a kai

Na farko, a bar ɗibar zuma da wuta. A kowace amya uwa ɗaya ce tak, ita ce mai ƙwai. In wuta ta kashe ta tare da 'ya'yan, gidan ya mutu ke nan. Hayaƙi mai sanyi ya isa. A kunna busasshen kashin shanu ko totuwar masara a gwangwani, a hura kaɗan-kaɗan. A yanki saƙar da ƙuda ya rufe bakinta da kaki, domin ita ce nunanniya. A bar saƙar 'ya'ya. A bar musu abin da za su ci.

Na biyu, a gwada amyar katako. Akwai wadda ake kira amyar Kenya, domin a can aka fara yaɗa ta wajen shekarar 1971. Akwati ne mai faɗin baki da tsukakken gindi. Ana jera sanduna a samansa, ƙuda ya yi saƙa ɗaya a jikin kowace sanda. Sai ka ɗaga sanda ka duba, ka mayar. Kafintan gari zai iya yin ta. Sai dai a kula, faɗin kowace sanda ya zama milimita 32. In ya wuce ko ya gaza, saƙa za ta harɗe. A fara da guda biyu ta ƙungiya, kowa ya koya a kansu.

Na uku, a hana algus. Mutum ɗaya in ya gauraya zuma da sukari ko ruwa, ya ɓata sunan kowa. Zuman da aka sa wa ruwa yana tsami. A kafa doka tun farko, a karanta ta a gaban kowa.

Na huɗu, tsabta da lafiya. Ba mu manta da shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. Daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a gida gubar ta fito. Don haka kada a tace zuma inda ake niƙa dutse. Kada a zuba shi a bokiti ko kwano da aka yi aikin zinariya da shi. Haka nan jarkar maganin feshi ko ta fetur, ko an wanke ta. Sannan likitoci sun yi gargaɗi: kada a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma. In ƙuda ya harbi mutum, a kankare ƙarin da farce. In fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take.

Lissafi a fili

Abin da ya fi kashe ƙungiya shi ne zargin kuɗi. Maganinsa lissafi a gaban kowa. Ga misali. A ce ku 20 ne, kowa yana ba da naira 500 a wata. A wata ɗaya an tara naira 10,000. A wata 12 an tara naira 120,000. A kowane taro magatakarda ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ma'aji ya nuna ragowar. Sannan mutum biyu daga cikin 'yan ƙungiya su duba littafin da idonsu. Wanda ya iya karatu ba a yi masa rufa-rufa. Wannan kuma kariya ce ga shi ma'ajin kansa.

In ƙungiya ta zauna da gindinta, shugaba da magatakarda su nemi jami'in ƙungiyoyin gama kai don yin rajista. Su kuma nemi malamin gona ya riƙa zuwa taro.

Hakkin jagorori a kanmu

Su ma waɗannan bayin Allah suna da gona da iyali. In an aiki shugaba Gusau ko hedikwatar ƙaramar hukuma, ƙungiya ta biya kuɗin mota. In an kira taro, a zo da wuri. In an ga kuskure, a faɗa a taro, ban da tsegumi a bayan ido. A riƙa sake zaɓe bayan shekara 2, don kada mutum ya gaji, don kuma wasu su koya. Kowane jagora ya ɗauki saurayi ɗaya ko budurwa ɗaya yana koya masa aikin. A zaɓi mai gaskiya da haƙuri, ko da ba shi da dukiya.

Ku kuma jagorori, a ƙara haƙuri. Za a yi muku magana, za a manta da yi muku godiya. Ba a shan zuma sai an sha harbi.

Ranar 20 ga Mayu ita ce Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsayar da ita a 2017. Tana zuwa ne a bakin damina, bayan an gama ɗibar zuman rani. Rana ce mai kyau ta karanta lissafin shekara da gode wa masu aiki.

Tambayoyi

1. Faɗi mutum biyar da ƙungiya take bukata.
2. Me ya sa ba a so mutum ɗaya ya riƙe littafi da kuɗi?
3. Wace saƙa ake yanka, wace ake bari?
4. In ku 15 ne, kowa yana ba da naira 400 a wata, nawa za a tara a wata 6?

A rubuta amsa a littafi, a kai wa malamin aji ya duba. Allah ya sa albarka a amyoyinmu. Sai wata mai zuwa.