Karatun Share Fagen Jami'a: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Iyayen yara na Gyadi-Gyadi da Tarauni sukan yi tambaya: in yaro ya yi karatun da ya ɗara na sakandare tun bai shiga jami'a ba, shin za a lissafa masa shi? A Amurka akan bar ɗalibi ya ɗauki darussan kwaleji yana sakandare, wasu jami'o'in kuma su karɓa. A nan ƙasar ba a duban darasin da aka zauna, sai takardar jarrabawar da hukuma ta yarda da ita.

Dā akwai aji biyu a saman wasu sakandare inda ake neman takardar HSC, amma tsarin 6-3-3-4 ya kawar da su. Abin da ya fi kama da su yau a Arewa shi ne IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke gudanarwa. Ɗalibi zai zaɓi fanni uku, ya yi kusan shekara guda yana karanta su, sa'an nan ya zauna jarrabawa. Sakamakon A maki 5 ne, B maki 4, haka har zuwa E mai maki 1. Wanda makinsa ya kai sai ya nemi shiga kai tsaye ta hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. In an ɗauke shi, aji biyu zai fara, watau ya tsallake shekarar farko.

To, ga inda mutane ke tuntuɓe. Wannan takarda ba ta maye gurbin ta WAEC ko NECO. Lalle ne yaro ya sami kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi in fannin da zai karanta yana bukatarsa. Kuma fannonin uku sai sun dace da abin da zai karanta. Wanda ke burin likitanci a Jami'ar Bayero, har wata rana ya yi koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan kan titin Zariya, ba zai zo da Tarihi da Hausa a saurare shi ba. Kowace jami'a ita ke yanka makin da take so, guraben shiga kai tsaye kuwa ba su kai na aji ɗaya yawa ba.

Kafin uba ya biya ko kwabo, ya bincika ya tabbata makarantar tana cikin waɗanda Zariya ta amince su koyar, gama akan tantance sakamako daga tushe kafin a ba yaro gurbi.