Darasi Na 14: Abin Da Ke Hawa Da Sauka

Yau za mu koyi wata kalma ta Turanci. Ga yadda ake rubuta ta: fluctuate. Ana faɗinta kamar haka: fulakcuwet. Asalinta daga harshen Latin ne, daga sunan igiyar ruwa. Ku dubi igiyar ruwa a kogi. Ta tashi, ta kwanta, ta sake tashi, wata babba, wata ƙarama. To, ma'anar kalmar ke nan, watau abu ya yi ta hawa da sauka ba bisa ƙa'ida ba.

Ba kowane canji ake kira haka ba. Yaro yana girma, ba ya komawa jariri. Wannan canji ne mai tafiya gaba kaɗai. Rana tana fitowa da safe, tana faɗuwa da magariba. Wannan kuwa yana da ƙa'ida, kowa ya san lokacinsa. Ba a amfani da kalmarmu a waɗannan wurare biyu.

Ga inda ake amfani da ita. A shekarar 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Da aka yi farin 1973 sai ya janye, har ya rabu biyu. Shekarar da aka sami ruwa da yawa ya ƙaru, shekarar fari ya ragu. Haka zafin jikin mai zazzaɓi yake yi. Haka kuma farashin gyaɗa da auduga, gama ba kasuwarmu kaɗai ke yanka shi ba, har da kasuwannin ƙasashen waje. Bature zai ce, "The price fluctuates," watau farashi yana hawa yana sauka.

Mene ne amfanin sanin wannan? Manomin da ya ga farashi ya hau bana, kada ya ci bashi da zaton baɗi ma haka zai samu. Kada kuma ya sayar da hatsinsa duka rana ɗaya. Ya bar na ci a rumbu tukuna. Mai jinya kuwa, in zafin jiki ya sauka, kada ya daina ba da magani sai an shanye yadda likita ya ce.

Tambayoyi

1. Tsawon yaro yana hawa da sauka? Don me?
2. Ku rubuta farashin mudun gero ran kasuwa har mako 4, sa'an nan ku kawo mu karanta tare.