Darasi na 14: Tsohon Injin Huda Ƙarfe

A Yankara muna da maƙera da masu walda. Su ke gyara mana garmar shanu da amalanke. Aikinsu yana son injin huda ƙarfe. Sabo yana da tsada, saboda haka sau da yawa tsoho muke sayowa daga Funtuwa ko Kano.

Kafin mu biya, sai a kunna mu gani. In bakin hujin yana rawa, huji ba zai tafi daidai ba. Mu bar shi, kada kuɗin amfanin gonarmu su salwanta.

In za mu yi huji, mu tuɓe babbar riga, kada inji ya naɗe hannunta. Mu ɗaure ƙarfen tamau a kan teburin inji. Kada mu riƙe shi da hannu, gama in baki ya cije, ƙarfen zai juya ya datse yatsa. Babban baki yana son gudu kaɗan, ƙarami yana son gudu da yawa. Mu riƙa ɗiga mai, kada baki ya ƙone.

In mun gama, mu kashe inji, mu share ɓarɓashin da tsintsiya. Mu shafa masa mai saboda tsatsar damina. Mu rufe shi da buhu saboda ƙurar hunturu. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me za mu duba kafin mu biya?
2. Don me muke ɗaure ƙarfe?