Idan Himmar Ɗalibi Ta Yi Sanyi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Sabon ɗalibi yakan shiga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da zafin himma, yana raba dare kan littafi. Bayan ƴan watanni sai jiki ya mutu, karatu ya gundure shi, har wuridi ya yi masa nauyi. Malaman tasawwufi suna kiran wannan hali futuri, wato sanyin himma bayan zafinta. Annabi (SAW) ya sanar cewa aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa, ko da kaɗan ne. Don haka muridi ya rage nafilfili, ya riƙe farilla da lazimi, ya karanta shafi kaɗan kullum, ya ba jiki haƙƙinsa na barci. In abin ya daɗe, ya gaya wa muƙaddaminsa.

Allah ya sabunta himma, amin.