Hoton jiƙaƙƙen gilashi a zafin Rufa'a

Ɗan'uwa, idan kana sha'awar koyon hoton jiƙaƙƙen gilashi, wanda Frederick Scott Archer ya fito da shi a Ingila a 1851, fara da duban rana kafin ka nemi kyamara. Ruwan kolodiyon da ake kwarara wa gilashin auduga ce da aka sarrafa, aka narkar cikin sifirit da sinadarin eta, shi kuwa eta yana tafasa da zafi ya kai digiri 35. Ka san irin zafin da garin Rufa'a na Sudan yake yi a Afrilu da Mayu. Francis Frith, Baturen da ya bi Nilu da irin wannan kaya har Soleb wajajen 1860, ya ga ruwan yana tafarfasa a kan gilashinsa cikin tanti.

Saboda haka ka yi koyonka a Disamba da Janairu, da hantsi. Kwalaben kuma su kwana a gindin randa, inda ƙasa take da sanyi.

Aikin kansa gajere ne. Ka goge gilashi tas, ka zuba ruwan a tsakiya, ka karkata shi ya bi kusurwa huɗu, ragowar ya koma kwalba. Da ya fara kamawa, sai ka tsoma shi cikin ruwan gishirin azurfa na minti 3 a ɗaki mai duhu. Jar fitila ba ta ɓata shi. Daga nan ba tsayawa gaisuwa, ko da surukinka ne ya yi sallama: ɗauka da wanki duka su ƙare cikin kamar minti 10, kafin ya bushe. Ranar guguwar habub kuwa ka rufe kaya ka huta, don ƙwayar ƙura guda tana barin tabo.

Kada ka haɗa ruwan azurfa da ruwan kogi ko na famfo, gishirin cikinsu yana kashe shi. Nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota, wanda babu asid a ciki.

Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne launi. Shuɗi gilashin yake gani, ja kuwa baƙi yake fitowa. Fatarmu takan ƙara duhu, farar jallabiya ta haske har ta shafe. Ka zaunar da mutum a inuwar rumfa, fuskarsa na kallon fili, ya yi 'yan daƙiƙu ba motsi.

Azurfar tana rina hannu kamar lalle, wannan da sauƙi. A ido ne take makantarwa, don haka sa tabarau da safar hannu. Wajen tabbatar da hoton, sinadarin haifo ya ishe ka. Sayanaid da mutanen dauri suka yi amfani da shi guba ce mai kisa, kada ya shigo gidanka. Kaskon gawayin da ake dafa gahawar jabana kuma ya tsaya can tsakar gida, domin tururin eta yana bin ƙasa har ya iske wuta.