Filin Gwaggo: Na yi wa shugaba magana, ya ce ba kuɗi

 Ni 'yar Tsarnawa ce, ma'aikaciyar jinya a sashen masu jin jiki sosai na wani babban asibiti. Akwai doguwar robar nan da likita ke zura wa majinyaci ta babbar jijiyar wuya ko ta gindin cinya, a riƙa ba shi ruwa da magani ta cikinta. Sau da yawa mutum ya fara farfaɗowa, sai zazzaɓi da rawar ɗari su rufe shi, bakin robar ya yi ja, ya kawo mugunya. Wata mai jego da muka sha wahala a kanta haka ta tafi ta bar jinjiri. Maganin goge fata yakan yanke mana, safar hannu ma sai dangi sun sayo. Na tari shugaban asibitin a bakin ofis, ya ce ba kuɗi. Barci ya ƙaurace mini. Ina tunanin neman a mayar da ni ƙaramin asibitin garinmu in huta.

'Yarki daga Tsarnawa

'Yata, Allah Ya jiƙan mai jegon nan, Ya raya abin da ta bari. Rashin barcin naki bai ba ni tsoro ba, shaida ce zuciyarki ba ta bushe ba. Amma zancen guduwa gida, ajiye shi tukuna. In kin tafi, wa kika bar wa na gado na gaba?

Sai kuma in ja miki kunne. A bakin ofis kika tare shi? Mutum riƙe da makullin mota, waya na ruri a aljihunsa, ke kuma ido ya cika da hawaye, kina cewa mutane na mutuwa. Me zai ce miki in ba "ba kuɗi" ba? Ke da kika tashi a mararrabar da motocin Tawa ke rabuwa da na Maraɗi, kin taɓa ganin an sayar da albasar Galmi da "tana da yawa"? Buhu ake ƙirgawa. Shugabanni ma lissafi suke ji.

Sayi littafin 'yan makaranta. Duk wanda aka sa wa robar, rubuta ranar da aka sa, inda aka sa, ranar da aka cire, da ranar da zazzaɓi ya shigo in ya shigo. Rubuta kwanan watan da biro a kan filastar da ke rufe wurin ma, kowa ya gani. Bayan wata biyu ko uku, ki kai wa babbar sashenku da likitan da ya fi sauraron magana, ku nemi ganin shugaba a zaune. Kada ki tsallake na gaba da ke. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Kuma ki san abin da za ki faɗa. Ƙarshen robar nan na ciki can kusa da zuciya yake tsayawa, don haka ƙwayar cutar da ke fatar majinyaci ko hannun mai aiki ba ta da shamaki, sai cikin jini kai tsaye. Kullum ta ƙara kwana, haɗarin na ƙaruwa. Wanda ya kamu sai ya daɗe a kan gado, ya ci magani mai tsada, wani na layi ba wurin kwanciya. Ki nuna wa shugaba cewa kuɗin da ya ce babu, ta nan suke zurarewa.

Kada ki ɗauka ciwon talaka ne kaɗai. A jihar Mishigan ta Amurka, wani likita Peter Pronovost na jami'ar Johns Hopkins ya haɗa sassa 103 irin naki a kan abubuwa biyar kacal: a wanke hannu, mai sa robar ya rufe jikinsa da na majinyaci da kaya masu tsabta, a goge fata da kuloheksidin, a guji gindin cinya in da hali, a cire robar da zarar aikinta ya ƙare. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cutar ta ragu da har kashi 66 cikin 100. Duk likitocin sun san biyar ɗin nan tun da can. Abin da ya sauya shi ne manyan asibiti sun shigo: aka haɗa kowane sashe da wani babba da zai riƙa zama da su wata-wata, aka nemi shugabanni su tabbatar maganin gogewar yana nan, aka kuma ba ma'aikatan jinya ikon su tsayar da likita in ya tsallake mataki. Na ƙarshen nan ba ya cin ko dala.

Za ki ce Amurka ce. To, a asibitin Point G na Bamako, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, su da kansu suka riƙa haɗa ruwan goge hannu, kuma masu tsabtace hannu a kan kari suka tashi daga kashi 8 zuwa kusan kashi 22 cikin 100. Bai isa ba, amma da abin da ke hannunsu suka fara.

In kun zauna, kada ki kwance masa duk buhun koke. Roƙi kaɗan. Akwati ɗaya da kayan sa robar ke ciki a haɗe, kada a riƙa nemo safa ana tsakiyar aiki. Takarda da sa hannunsa mai cewa kowace ma'aikaciya na iya cewa "likita, dakata" ba a ci mata fuska ba. Sannan ya riƙa shigowa sashen sau ɗaya a wata, ya tsaya a kan gado, ya duba littafinki. Gani ya kori ji. Sunan wani likita kuwa kada ya fito daga bakinki. Da kin mayar da shi ƙara, kowa zai ja daga.

Ke ma a duba hannu. Kina goge bakin robar kafin kowace allura, ko in aiki ya yi yawa sai a ce Allah Ya tsare? A zagayen safe kina tambaya ko har yanzu ana buƙatarta? Wannan ba ya jiran shugaba.

Ku kuma masu karatu, wa a cikinmu bai taɓa kwana a tabarma a gindin gadon asibiti ba? Mun san halinmu: mu gyara filasta da hannun da muka ci tuwo, mu jiƙa wurin garin goge wa mara lafiya jiki, 'yan dubiya goma a kan gado ɗaya. Ku bari. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa shi. In filastar ta jiƙe ko ta ɗaye, in wurin ya yi ja, in zazzaɓi ya taso, ku kira ma'aikaci nan take. Kuma ba rashin kunya ba ne ku tambayi likita cikin ladabi yaushe za a cire robar.

'Yata, fara littafin nan gobe, in kun gana da shugaban ki rubuto mini yadda kuka yi.